Gargaɗi: tarin wata takwas na tura wa mai sayar da madubin hangen taurari

Jama'a, kwana huɗu ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Yau dai na ga shafin mutumin ya dawo da sabon suna, da bidiyon nan dai da ya kama ni da shi, shi ya sa na ce ba zan ƙara yin shiru ba.

Tarin wata takwas. Wata takwas ina cire wani abu daga albashina ina ajiyewa, na tura masa a biya uku: rabi, sai ragowar rabin, sai kuma na ukun da har yanzu in na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Kada wani ya ce mini ban yi bincike ba. Na yi. Na fi shekara ina karatu a kan abin nan kafin in taɓa aljihuna. Na san abin da nake nema: madubin hangen taurari na masu koyo, irin wanda ake kira GoTo, mai inji biyu a gindinsa da rimot mai maɓallai. Ka sa masa kwanan wata da lokaci da inda kake a doron ƙasa, ka saita shi a kan taurari biyu ko uku masu haske, shi ke nan ya gane sararin. Daga nan in ka zaɓi duniyar Zuhal ko ta Mushtari sai ya juya da kansa ya kai ka, kuma ya ci gaba da bin abin, tunda duniya tana juyawa digiri 15 kowace awa, abin da ka kama yanzu zai sulale maka in ba a bi shi ba. Mai faɗin madubi milimita 130 nake so, tsawon zangon haskensa, wato nisan da ke tsakanin madubin da inda hasken ke taruwa, milimita 650. Duk wannan na sani kafin in san akwai mutumin nan a duniya.

Abin da ya kashe mini jiki shi ne wata magana guda da ya yi. Na tambaye shi sau nawa yake ninka girman abu, da gangan na yi tambayar don in gwada shi. Sai ya ce, "Malam, kada ka biye wa ninki. Faɗin madubi ake dubawa, shi ke tara haske." Wallahi a nan na saki jiki. Domin gaskiya ya faɗa, haka abin yake. Har akwai wani mai milimita 150 a shafinsa da na nuna sha'awa, ya ce, "A'a Malam, ya yi maka nauyi a matsayin mai farawa, ɗauki ƙaramin." Mai sayarwa ya hana ka kayan da ya fi tsada! Ku faɗa mini wa ba zai yarda ba? Na sake sauraron saƙon muryar nan ya fi sau ashirin ina neman inda ƙarya ta leƙo, ban ji ba. "Faɗin madubi ake dubawa." A natse, ba gaggawa.

Abin da ya iso kuwa: siririn bututu mai gilashin milimita 60, jikinsa roba, ƙafafunsa uku suna rawa in ka yi tari kusa da su. Babu inji. Babu rimot. Babu ko gurbin batir. A jikin kwalin an rubuta 525x, wato ninki 525, da manyan baƙaƙe, ga hoton gajimaren taurari ja da shuɗi irin wanda madubin Hubble da ke sararin samaniya ke ɗauka. Wato ainihin abin da ya gargaɗe ni a kai da bakinsa, shi ya naɗo ya aiko mini.

Na san yadda suke samo 525 ɗin nan. Tsawon zangon haske milimita 700 ne, ka raba da milimita 4 na gilashin ido, wato ɗan gilashin da ake leƙawa ta cikinsa, ka sami 175, ka ɗora gilashin ƙara ninki da ake kira Barlow mai ninki uku ka sami 525. A takarda lissafin daidai ne, a ido kuwa duhu da hazo kawai za ka gani. Iyakar ninkin da ke da amfani shi ne kusan ninki biyu na faɗin gilashin a milimita, wato wannan ba zai wuce 120 ba ko da gilashinsa mai kyau ne. Na 130 da na biya zai iya kaiwa 260.

Na tsallake wani abu. Biya na biyu na yi shi ne kafin kwalin ya zo, bayan ya turo mini hoton rasit ɗin aikawa da hoton babban kwali an manna sunana a kai. Sunana, da alƙalami. Biya na uku kuma bayan kwalin ya zo ne, ko dai a daren ranar, ko washegari da safe, kaina ya ɗaure a lokacin. Na kira shi ina faɗa, ya ce, "Subhanallahi, Malam ka yi haƙuri, yaran shago ne suka musanya kwali." Ya ce nawa yana hannun masu aikawa, an riƙe shi sai an biya kuɗin inshora saboda akwai madubi a ciki, kuma zai mayar mini da kuɗin da zarar na dawo da wannan. Na tura. E, na tura, bayan na ga robar nan da idona. Wanda tarinsa na wata takwas ke hannun wani, ko me aka ce masa zai kama. Wannan na ukun ranto shi na yi, ba ma cikin tarin yake ba.

Bayan awa biyu lambar ta daina shiga. Shafin ya ɓace, ko sama ko ƙasa.

Bidiyon ma, wanda ya turo tun ranar farko, madubin yana juyawa da kansa ana jin ƙarar injinsa, daga baya na same shi a tashar wani baƙo mai gwada kayan hangen taurari. An yanke farkonsa da ƙarshensa inda fuskar mai shi take. Na ce ya kira ni ta bidiyo in ga kayan kai tsaye, ya ce kyamararsa ta fashe. Na lura da hakan a lokacin, ban ce ban lura ba. Amma maganar faɗin madubin nan ta riga ta danne komai.

'Yata na yi wa alkawari. Na ce mata za ta ga zoben Zuhal da idonta, da watanni huɗun Mushtari da Galileo ya gani a 1610. Ta riga ta iya nuna Kaza da 'Ya'yanta da Zara ba tare da an taya ta ba. Mun fita da abin da ya zo, wata kawai muka iya kamawa, shi ma yana tsalle duk lokacin da hannu ya taɓa bututun. Ta ce, "Baba, yaushe zai juya da kansa?" Ban iya ba ta amsa ba.

Akwai wani ɗan baƙin gilashi a cikin kwalin da aka rubuta na kallon rana ne, ana ɗaura shi a gilashin ido. In kun sami irinsa ku jefar. Zafi yana fasa shi, ido ya ƙone nan take. Nawa na farfasa shi kafin yara su gani.

Hotunan hirarmu, rasit uku, saƙon muryar da hoton kwalin duk suna wurina, zan ɗora su da zarar na rufe lambobin asusuna. Na kai ƙara banki, na kai wa hukuma, ina jira.

Kada ku tura ko rabi sai kun ga injin ya juya a gabanku, ko a kiran bidiyo kai tsaye ku zaɓi tauraron da kanku. Kwalin da ke alfahari da 525x ku bar shi. Kuɗin inshora bayan an gama ciniki ƙarya ne.

Tarin wata takwas da bashi a kai. Allah ya isa tsakanina da shi.