Mas set ɗin da na sayo wa 'yata a Sabon Gari

Sau biyu na sayi mas set, wato gwangwanin kayan zane da awo na lissafi, cikin zango ɗaya, shi yasa nace bari in faɗa ma iyaye 'yan uwana abin da na gani kafin wani ya zubar da kuɗinshi. Yarinyata tana aji uku na ƙaramar sakandare, sun shiga darasin da'ira malaminsu yace kowa ya zo da kamfas, abin zana da'ira mai ƙafa biyu. Na farkon a bakin titi na saya wajen masu baza kaya, arahar ce ta ja ni, kuma gwangwanin sai sheƙi yake.

Ranar da ta kawo aikin gida an ce su zana da'ira mai rediyos santimita 7, wato daga tsakiya zuwa baki, sannan su kewaya ta da zare su auna. A lissafi kewayen da'ira 2 sau 22/7 sau rediyos ne, wato 2 sau 22/7 sau 7 zai ba ka 44, to ita zarenta 47 yake nunawa, ta goge ta sake ta goge ta sake har takardar ta huje. Can ta ɗago ido duk hawaye tace "Baba ni dai lissafin ne ban iya ba". Wallahi maganar nan ta sosa min rai. Na karɓi kamfas ɗin na gwada da hannuna, ashe notin wuyanshi ne sako-sako, kana juyawa ƙafar na buɗewa, layin ko haɗuwa baya yi da inda ya faro. Na ɗora rula faɗin ya kai 15 maimakon 14, ka ga kenan yarinya ba ta da laifi ko ɗaya.

Washegari na shiga kasuwar Sabon Gari wajen masu littattafai, na samu wani dattijo nace Alhaji mai kyau nake so ko da tsada, ya ɗauko min Oxford na kamfanin Helix, mai gwangwani. Kuɗinshi ya kusa ninka na farko sau uku, gaskiya sai da na ɗan yi jim. Amma abin da ya burge ni shi da kanshi ya miƙo farar takarda yace in gwada, domin a cewarshi jabu sun yi yawa kuma ta gwangwani ba ka ganewa. Gwajin da muka sani tun muna 'yan makaranta nayi, ka zana da'ira, kar ka taɓa buɗin kamfas ɗin, ka riƙa taka shi a kan layin, taku 6 cif zai dawo da kai inda ka fara tunda kowane taku digiri 60 ne cikin 360. Ya dawo daidai kan ɗigon, ban ƙara tayi ba na biya.

A ciki akwai kamfas da dibaida (mai tsini biyu, na auna tazara), furotirakta (na auna kusurwa) mai digiri 180 wanda lambobinshi sun fito raɗau ba sai yaro ya ƙanƙance ido ba, set sukwaya (rula mai kusurwa uku) biyu na digiri 45 da na 60, fensir, magogi da abin fiƙe fensir. Rular ta santimita 15 ce, don haka na ƙara mata ta 30 daban. Tsinin kamfas ɗin yana kama takarda baya zamewa, wurin ɗaure fensir ma yana matsewa tam, wannan shi ne duk abin da nake nema dama.

Yanzu sati uku kenan notin bai saki ba. Jiya da daddare na iske ta a kicin ta kife murfin tukunyar mamanta, ta auna faɗinshi 21, ta buga da 22/7 ta samu 66 sannan ta ɗauko zare ta kewaya bakin murfin, tana ganin ya faɗa kan 66 ta kwasa da gudu tana "Mama zo ki gani".