Babur Marar Riga: Abin Dubawa Tsakanin MT-07, Hornet, Trident da Takwarorinsu

Abin da ake kira babur marar riga shi ne wanda aka bar injinsa a fili, ba a lulluɓe shi da kwanson roba irin na baburan tsere ba, kuma kansa yana da faɗi da tsayi yadda mai tuƙi zai zauna a miƙe ba tare da ya kwanta a kan tanki ba. Tun asali haka babura suke. Sai da rigar roba ta mamaye kasuwa a shekarun 1980 sannan rashinta ya zama abin da ake laƙaba wa suna. Ducati Monster, wanda Miguel Galluzzi ya zana, ya kuma fito a 1993, yana cikin waɗanda suka dawo da martabar wannan salo, yau kuwa da wuya a sami babban kamfanin da ba shi da biyu ko uku a cikin kayansa. Gasar ta fi zafi a ajin tsakiya, wato masu girman inji daga cc 650 zuwa kusan 800, a nan ne kuma mai saye ya fi rikicewa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a jera alƙaluman ƙarfin doki a zaɓi mafi girma. A ɗauki Honda CB650R da Yamaha MT-07. Na farko yana da silinda huɗu a jere, cc 649, da ƙarfin doki kusan 95. Na biyu silinda biyu ne, cc 689, ƙarfinsa bai wuce 73 ko 74 ba. A takarda Honda ta yi nisa. Amma ƙarfin CB650R yana can sama ne, wajen juyi 12,000 a minti, kuma ƙarfin jansa bai cika ba sai allura ta haura 8,000, alhali MT-07 yana ba da cikakken jansa, Nm 67 a ma'aunin ƙarfin ja, tun a juyi 6,500, ga shi nauyinsa da mai a tanki kimanin kilo 184 ne, shi kuwa Honda ya haura 200. Ma'anar wannan a kan titi ita ce, idan mutum ya fito daga kwana a giya ta uku yana son ya wuce motar da ke gabansa, MT-07 zai amsa da zarar an murɗa totur, shi kuwa CB650R sai an sauke giya ɗaya ko biyu kafin ya farka. Wanda yake jin daɗin kukan inji a sama da yawan canza giya zai ɗauki wannan a matsayin nishaɗi. Wanda yake zirga-zirgar yau da kullum cikin cunkoso zai ɗauke shi a matsayin aiki.

Ko a tsakanin masu silinda biyu akwai bambanci, kuma yana fitowa ne daga yadda aka tsara kiranshaf, wato sandar da fistan suke juyawa a cikin inji. A Kawasaki Z650, mai cc 649 da ƙarfin doki kusan 68, tazarar fistan biyun digiri 180 ce, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Inji ne mai sauƙin hali, tsohon hannu, domin asalinsa tun zamanin tsohon babur ɗin Kawasaki ER-6n ne, sai dai muryarsa ba ta da armashi, kuma shi ne mafi sanyin jiki a wannan rukuni. MT-07 kuwa, tun fitowarsa a 2014, yana amfani da tazarar digiri 270, wadda take sa tashin wutar silindojin ya zo a karkace, bugu biyu kusa da juna sannan ɗan hutu. Wannan ne yake ba shi gurnani da bugun da ake ji a jiki, kuma karɓuwar da ya samu ta sa wasu suka bi sawu: Honda CB750 Hornet mai cc 755 da Suzuki GSX-8S mai cc 776, dukkansu na 2023, tsarin 270 suka ɗauka. Abin dariyar shi ne, duk suna kwaikwayon halin injin da silindojinsa suka buɗe kamar harafin V a kan digiri 90, wanda Suzuki SV650 yake da shi na gaske tun 1999.

Hornet ne ya fi kowa ƙarfi a cikin masu silinda biyun, kusan doki 92 a jiki mai nauyin kimanin kilo 190, kuma yana da saurin juyawa har wani lokaci ya yi wa sabon mahayi rawar kai. GSX-8S ya kasa shi da doki tara ko goma, ya kuma fi shi nauyi da kimanin kilo goma sha biyu, amma ya fi shi tsawo tsakanin tayoyi, don haka ya fi natsuwa a kan hanya mai gudu, kuma yana zuwa da na'urar sauya giya sama da ƙasa ba tare da jan kuloci ba, ba a matsayin ƙarin da ake biya daban ba. Triumph Trident 660 na 2021 ya tsaya a tsakiya da silinda uku da doki 81: yana da ja a ƙasa kamar mai biyu, yana kuma yarda a kai shi sama kamar mai huɗu. A ganina shi ne injin da ya fi kowanne ladabi a nan, ko da yake bai kai MT-07 sa mutum murmushi ba.

Batun jin daɗin zama yana farawa ne da gaskiyar da dillali ba ya son faɗa: babu ɗaya daga cikinsu da yake kare mahayi daga iska. Turin iska yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa, wato idan gudu ya ninka sau biyu, turin ya ninka sau huɗu. A kilomita 80 a awa iskar abin sha'awa ce, har tana ɗauke wa hannuwa nauyi. A 120 kuwa ƙirji ya zama tanti, hular kwano tana jan wuya baya, bayan awa guda mutum zai tarar ya damƙe kan babur da ƙarfin da bai sani ba, yatsunsa sun yi tsami. Ƙaramin gilashin gaba yana rage abin, ba ya kawar da shi. Duk wanda yawancin tafiyarsa doguwa ce a babbar hanya, ya kamata ya dubi 'yan uwansu masu riga da suke amfani da inji iri ɗaya, kamar Tracer 7 ko Versys 650, tun kafin ya kashe kuɗinsa.

Sai tsayin kujera. SV650 ne mafi ƙasa da milimita 785, Z650 yana da 790, Hornet 795, MT-07 da Trident 805, CB650R da GSX-8S 810. Tazarar duka ba ta wuce santimita biyu da rabi ba, amma mai gajeriyar ƙafa ya san darajarta ranar da ya tsaya a mararraba mai gangara, ya miƙa ƙafar hagu ya ji babu ƙasa sai kan yatsa, ga kilo ɗari biyu yana karkata. Lambar ma ba ita kaɗai ba ce, domin faɗin kujerar da na tanki yana cin tsawon ƙafa. SV650 siriri ne saboda silindojinsa gaba da baya suke, CB650R kuwa yana buɗe gwiwoyi saboda huɗu ne a jere. Dogon mutum kuma matsalarsa akasin haka ce: a kan Z650 gwiwarsa za ta lanƙwashe fiye da kima, GSX-8S ne ya fi ba shi sarari.

An daɗe ana kukan cewa shok ɗin MT-07 na shekarun farko yana da laushi, yana nutsewa idan an taka birki da ƙarfi, yana kuma lilo a kwana idan mahayin mai jiki ne. Yamaha ta yi ta gyara, har a ƙirar 2025 ta sa masa ƙafafun gaba irin na kife, wato shok ɗin gaba da ɓangarensa mai kauri yake sama, waɗanda CB650R da Trident da Hornet da GSX-8S suka riga shi samu. Wannan yana da muhimmanci ga mai neman na hannu, domin MT-07 na 2015 da na 2025 suna ɗaya ne amma ba tafiya ɗaya ba. Game da goyo kuwa babu dogon zance: kujerar baya a dukkansu ƙarama ce, ta gajeriyar tafiya.

Darajar kuɗi ba a farashin ranar saye take ƙarewa ba. Injin silinda huɗu yana da bawul goma sha shida da fulogi huɗu, mai biyu a jere yana da bawul takwas da fulogi biyu, don haka ranar babban sabis aikin bakanike ya fi yawa a kan CB650R, haka ma shan mai idan ana tuƙa shi yadda yake so. MT-07 ba ya bukatar a duba bawul sai wajen kilomita 40,000, Trident kuma tazarar sabis ɗinsa kilomita 16,000 ce, wadda take da tsawo a wannan aji, sai dai amfaninta ya dogara ne da samun wakilin Triumph kusa. Akwai kuma wani abu da mutane ba sa lura da shi: Z650 da SV650 da Hornet suna ɗaukar tayar baya mai faɗin milimita 160, sauran kuwa 180. Mai faɗin ta fi cika ido, amma ta fi tsada duk lokacin canji, kuma a irin wannan ƙarfi siririyar ba ta gaza komai, har ta fi saurin kwanciya a kwana. Samun kayan gyara ya fi sauƙi ga injin da aka baza a babura da yawa: na MT-07 yana cikin Ténéré 700 da XSR700 da R7, na Z650 yana cikin Ninja 650 da Vulcan S, na SV650 kuma yana cikin V-Strom 650.

Idan aka ce in zaɓa, wanda ya baro ƙaramin babur irin KTM 390 Duke ko MT-03 yana neman na farko mai girma, zan nuna masa MT-07, ko SV650 na hannu idan ƙafarsa gajeriya ce kuma aljihunsa bai cika ba. Wanda ya riga ya goge kuma yana son ƙarfi mafi yawa a kan kuɗinsa, Hornet ne nasa. GSX-8S ya dace da dogon mutum mai haɗa gari da babbar hanya, Trident da mai son tsabtar aiki da inji marar hayaniya. CB650R ba zan ba kowa shawararsa da hujjar lissafi ba, amma wanda kukan silinda huɗu ya shiga ransa ba zai ji lissafi ba, kuma tun 2024 Honda ta ƙara masa kuloci mai sarrafa kansa da lantarki, wanda yake rage wahalar cunkoso. Manyan yayyensu, Yamaha MT-09 mai doki 119 da Kawasaki Z900 mai kusan 125, ba na wanda yake koyo ba ne, kome kusancin farashi.

Mai sayen na hannu yana da wata riba a wannan salo, domin babur marar riga ba ya iya ɓoye tarihinsa. A duba ƙarshen kan babur, da bakin hannun birki da na kuloci, da murfin inji ta gefe, da salansa. Idan ya taɓa faɗuwa, ƙarzuwar tana ɗaya daga cikin waɗannan wurare. A nemi a tarar da injin a sanyaye, a taɓa shi da hannu a tabbatar, sannan a tayar, domin ƙarar bawul da hayaƙin baƙin mai sun fi bayyana a minti na farko. A lokacin gwaji kuma kada a tsaya ga murɗa totur a miƙaƙƙiyar hanya: a yi juyawar komawa baya a ƙunƙuntaccen wuri da giya ta ɗaya, a tsaya cak a kan gangara a sa ƙafa ɗaya ƙasa, sannan a riƙe gudun babbar hanya na minti goma a ji abin da wuya da tafin hannu za su ce.