Mai kitson da na koma wurinta a Bukoki, wata 5 ke nan

Ƴan uwa mata tun bikin ƙanwata ake ta tambayata ina nike kitso yanzu, to bari in faɗa muku gaba ɗaya, da abin da na ji daɗi da wanda ban ji daɗinshi ba.

Waɗanda sunka san ni sun san yadda gaban goshina ya zama bara. Shekara da shekaru ina zuwa wani salon inda ake ja ma mutum kai kamar ana ɗaurin buhu, in anka gama kitson salla sai in yi kwana 3 ban iya kwanciya ta gefe, ga ƙananan ƙuraje suna fitowa bakin layi, ni kuma ina cewa ai haka kitso mai kyau yake. Sai ga haihuwa ta biyu ta zo, wata 3 bayan suna gashi ya fara zuba a mashaci har tsoro ya kama ni. Likitar fata da na gani ta ce min zubar bayan haihuwa tana tsayawa da kanta, amma jan kitso shi ne abin tsoro, don in an daɗe ana yi saiwar gashin mutuwa take kuma babu man da ke maido ta. Wallahi ranar da ƙyar na yi barci.

Wata maƙwabciyarmu ce ta kai ni wurin Tanti, haka kowa ke kiranta, mutuniyar Tawa ce. Cikin gidanta take aiki a unguwar Bukoki, nan Yamai, ba nisa da kasuwar Katako, babu allo babu madubin bango, rumfa ce da tabarmi da kujerun roba sai ƴan mata 2 da ke taimaka mata. In kina neman wuri mai kilim (na'urar sanyaya ɗaki) da kujera mai juyawa to ba nan ba ne.

Abin da ya riƙe ni shi ne wankin kan. Ba ta yarda ki zo da tsifa kin riga kin fizge ta a gida, ita ke kwancewa da tsinke da ɗan mai a yatsu, a hankali, tana warware kowane layi. Ta wanke da shampuwan sau ɗaya, fatar kai take murzawa da tafin yatsu ba da farce ba, sannan ta kawo yoɗo, wanda wasu ke ce ma karkashi, eh wannan dai na miya. Tana jiƙa busasshen ganyen a ruwan ɗumi har ya yi yauƙi sosai ta tace, ta zuba a kai, kuma cikin wannan santsin ne take sa mashaci mai manyan haƙora, daga bakin gashi tana hawa zuwa gindi. Ni da kullum in ana taje min sai hawaye, ranar ko uffan ban ce ba, gashin da ya fita a mashacin bai cika tafin hannun yaro ba. Kakata ma da yoɗo take wanke muna kai muna ƙanana, mu ne munka watsar munka bi defirizan, man nan na miƙar da gashi.

Bayan ɗauraya sai ki zauna inuwa har kan ya sha iska, ba ta da seshuwar (na'urar busar da gashi) kuma ba ta kitsa jiƙaƙƙen kai ko kina sauri. Ta ce min ɗiyata kar ki ƙara ɗaura kallabi a kan da bai bushe ba, shi ke kawo wari da ƙaiƙayi, ni kuma a da haka nike yi in na yi wanka da asuba. Man kaɗe take sawa, ɗan kaɗan, ta narkar da shi a tafin hannu ta bi jikin gashin musamman baki-bakin da ke karyewa. Kitson kuma manya ne, kuma ƙananan gashin gaban goshi ba ta kama su sam, ta bar su waje.

Tana saida shebe, garin nan na matan Cadi mai ƙamshin kanumfari, ƙaramin kwalba jika 1 da dala 100. A nan na ƙara yarda da ita don ba ta ce min zai tsiro da gashi cikin sati 2 kamar yadda ake talla a TikTok ba. Ta ce aikinshi ya riƙe mai a jikin gashi ya rage karyewa, kuma ba a sa shi a fatar kai. Gashin ɗan adam wajen santimita 1 yake ƙaruwa a wata, duk wanda ya yi miki alkawarin fiye da haka kuɗinki yake so. Na gwada sau 2, gashin ya yi laushi kam, amma yana ɓata matashin kai da kallabi, kuma wanke garin daga gashi aiki ne babba, don haka ni dai na tsaya ga yoɗo da man kaɗe.

Inda ban ji daɗi ba, jira. Ko kun yi da ita ƙarfe 9 in kinka tarar da mutum 3 sai kin jira su, ranar Asabar ɗaya na wuni har la'asar, ga zafin watan Afrilu an ɗauke kuran (wutar lantarki), banti (fanka) ya tsaya. Na biyu mashaci ɗaya ake bi da kan kowa har yara, alhali ta nan makero da ƙwarƙwata ke yaɗuwa, na faɗa mata gaskiya ta ce tana wankewa amma ni tun daga nan da nawa mashaci da tsinke da tawul nike zuwa, ku ma ku yi haka. Kuma tunda ba ta ja, kitson ba ya wuce sati 2 zuwa 3 ya fara tashi, mai son ƙananan zane na amarya da zai yi wata guda ba za ta gamsu ba.

Wanki da kitso jika 2 da dala 100 nike biya, na yara jika 1. Yanzu gefen dama na goshina ya cika da ƙananan gashi, na hagu har yanzu akwai wuri kamar faɗin yatsa 2 da bai tsiro ba, ina ta addu'a. Ɗiyata mai shekara 6 da a da sai an riƙe ta ake mata kitso yanzu barci take a cinyar Tanti. In za ku je ku zaɓi Talata ko Laraba da sassafe, kuma tunda hunturu ya kusa na riga na ce ta ajiye min man kaɗe kwano guda.