Gargaɗi ga masu ɗaukar hoto: mai sayar da kyamara da lissafin ƙarya ya shigo zaurukanmu

'Yan uwa masu sana'ar hoto na Katsina da kewaye, ku karanta wannan har ƙarshe kafin ku tura wa kowa ko sisi da sunan sayen kyamara ta hannu. Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukanmu na WhatsApp da Facebook yana tallar Nikon D750 a farashi mai sauƙi. Mutum uku na sani da ya riga ya cuta, ɗaya daga ciki ɗan yayata ne, yaron da ya shekara huɗu yana riƙe mani fitila a wajen biki. Ban ambaci sunan mutumin ba saboda sunan da ya ba mu ba shi ne ya ba sauran ba, lambar wayar ma daban. Abin da bai canza ba shi ne salon damfarar, shi zan bayyana.

Yaron ya tara kuɗinsa ne don ya tsaya da ƙafarsa kafin Babbar Sallah. Duk wanda ke wannan sana'a a garin nan ya san abin da Hawan Sallah da Hawan Bariki suke kawowa: daga Ƙofar Soro har gidajen hakimai, mahaya da iyalansu kowa na son hotonsa, sai kuma bukukuwan aure da ke biyo baya. Ya ga tallar, ya kawo mani wayar ya ce, "Kawu, duba mani wannan." Na ce ya nemi mai kayan ya ɗauki hoto da kyamarar ya turo a matsayin dokumen, kada ya turo shi kamar hoton gaisuwa, don mu ga sau nawa ta harba. Ni na koya masa haka, kuma a kan wannan shawarar tawa aka bi aka cuce shi. Abin yana damuna har yau.

Ga wanda bai sani ba, kowace kyamara ta zamani tana rubuta bayani a cikin cikin fayil ɗin hoto, inda ido ba ya gani. Sunan wannan tsari EXIF, kamfanonin Japan suka fito da shi a 1995. A ciki za ka samu sunan kyamara da samfurinta, rana da sa'ar da aka ɗauka, gilashin da aka ɗaura, yawan hasken da aka bari ya shiga, wani lokacin har da wurin da aka tsaya idan na'urar tana da GPS. Nikon kuma tana ƙara wani ɓangare nata na kanta, inda take sa lambar jikin kyamarar da adadin bugun shota, wato ɗan labulen nan da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da ka danna. Labulen abu ne mai motsi, yana gajiya. Shotar D750, wadda ta fito a 2014, an gwada ta ne a kan bugu 150,000. Wata takan wuce haka da nisa, wata ba ta kaiwa, amma tazarar da ke tsakanin mai bugu dubu bakwai da mai dubu ɗari da tamanin kamar tazarar sabon babur ce da wanda ya shekara biyar yana acaɓa. Shi ya sa muke duba lissafin nan kafin mu yi ciniki.

Mutumin bai yi gardama ba ko kaɗan. Cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, ai haka ya kamata, gani ya kori ji." Cikin minti goma fayil ya iso, hoton farar kujerar roba a jikin bango. Muka buɗe a kwamfutar shagona: D750 ce, kwanan watan na ranar ne, bugu 7,412. Ya ce ta wani Alhaji ce da ya sayo a Dubai bai yi amfani da ita ba, yanzu tana Kaduna, kuma akwai mai son ta da yamma. Yaron ya tura kuɗin ta banki. Bayan kwana biyu direba ya kira daga tasha.

Kyamarar ta zo a goge, an sa mata sabuwar roba a mariƙi. Amma da na ɗora ta a kunne na danna, ƙarar ba ta yi mani ba. Muka sa memorina, muka ɗauki hoto ɗaya, muka buɗe: bugu 186,000 da 'yan kai. Na juya ta na karanta lambar da ke manne a jikinta, na koma fayil ɗin da ya turo, lambobin ba su ko yi kama ba. Hoton kujerar nan da wata kyamarar aka ɗauke shi. Muka kira, ya ɗauka sau ɗaya ya ce, "Haba Malam, ni abin da na turo shi na sayar, ko direba ya canza." Daga nan layin bai ƙara shiga ba.

Da na faɗa a zaurenmu, sai wani abokin sana'a daga Funtua ya turo mani nasa fayil ɗin. Kujerar nan ce dai, bangon nan ne, bugu 7,412, lambar jiki iri ɗaya. Kwanan wata kawai ya bambanta, nasa ya girmi namu da mako biyar. Ke nan hoto ɗaya yake da shi, duk wanda ya tambaya sai ya sake masa rana ya tura.

Nan ne kuskurena yake, kuma na san da yawanmu muna kansa. Mun ɗauki bayanin EXIF kamar hatimin da ba a iya taɓawa, alhali rubutu ne kawai a cikin fayil, ana goge shi ana sake shi. Akwai manhaja mai suna ExifTool da wani ɗan Kanada, Phil Harvey, ya fitar tun 2003, kyauta take, kuma masu aikin gaskiya a duniya da ita suke gyara sa'ar da ta kauce ko su sa sunansu a hotunansu. Ni ma da ita nake karanta fayil. Wuƙar da mahauci yake aiki da ita ce ɓarawo yake yanka jaka da ita. Turo hoto a dokumen yana hana WhatsApp goge bayanin, wannan gaskiya ne, amma ba ya nuna maka ko an taɓa bayanin kafin a turo, ba ya kuma nuna cewa kyamarar da ta ɗauki hoton ita ce za a sa a mota.

Mutum na uku ɗan Daura ne, ya saya don aikin Sallar Gani, kuma labarinsa ya fi ba ni tausayi, domin shi ko hujja bai rage da ita ba. Mai kayan ya kunna masa saƙon nan mai ɓacewa bayan awa 24, bai lura ba. Fayil ɗin kuwa ya buɗe shi a wata manhajar gyaran hoto ta waya, ya adana, ya tura wa yayansa kamar kowane hoto, sannan ya goge na asalin da wayar ta cika. Da na ce ya turo mu haɗa da namu, abin da ya iso fanko ne: kujerar tana nan, amma babu samfuri, babu lamba, babu lissafi. Sai wani sikirinshot guda da ya nuna 7,412 ba tare da lambar jiki ba. Ya ce mani, "Yallaɓai, ai hoton ne dai, ban canza mashi komai ba." A ido bai canza ba. A ciki an share duka.

Wannan ya kamata kowa ya riƙe, ko ba ya sayen kyamara. WhatsApp yana matse hoto ya zubar da bayaninsa idan ka tura shi ta hanyar da aka saba. Facebook da Instagram ma abin da mutane za su sauke daga can ba ya ɗauke da shi. Sikirinshot sabon hoto ne na fuskar wayarka, bai gaji komai daga na asali ba. Manhajoji da shafukan da ke juya hoto daga JPEG zuwa PNG, ko daga HEIC na iPhone zuwa JPEG, da yawansu suna watsar da shi ba su faɗa maka ba. Ko a Lightroom, manhajar gyaran hoto, wajen fitar da hoto akwai inda ake zaɓar a bar dukkan bayani ko a bar na haƙƙin mallaka kawai, kuma ko ka zaɓi duka, ɓangaren nan na Nikon mai ɗauke da lissafin shota galibi ba ya biyo hoton da aka gyara. Don haka duk fayil ɗin da zai iya zama hujja, ka kwafe shi daga memori ko daga waya zuwa kwamfuta yadda yake, ka ajiye, ka yi aikinka a kan kwafi. Ni a shagona ko hoton biki ba na goge NEF ɗinsa, wato fayil ɗin asali na Nikon, sai bayan shekara, domin ranar da wani zai ɗauki hotonka ya manna sunansa, fayil ɗin asali ne zai tsaya maka.

Game da sayen kuwa, na daina yarda da kowane fayil da ya biyo ta hannun mai kaya. Cinikin biri a sama ne. Ka je da memorinka, wanda ka goge da hannunka, ka sa a kyamarar, ka ɗauki hoto biyu a jere, ka cire ka buɗe a kwamfutarka ko wayarka. Lissafin na biyu ya ɗara na farko da ɗaya. Lambar jikin da ke cikin fayil ta yi daidai da wadda ke manne a kyamarar. Ka duba gurbin da ke nuna manhaja: fayil da ya fito kai tsaye daga Nikon lambar sigar kyamarar yake nunawa, in ka ga sunan Photoshop an bi ta kansa. Masu Canon ku lura, yawancin samfuranta ba sa rubuta lissafin a cikin hoto, sai an haɗa kyamarar da kwamfuta ta kebul, saboda haka wanda ya turo maka hoton Canon ya ce ga lissafi a ciki, ka tsaya ka bincika. In kayan suna Kano ko Kaduna, kuɗin mota zuwa da dawowa bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da za ka tura ba. In ba za ka iya zuwa ba, ka wakilta ɗan sana'a da ka sani a can, ya yi gwajin da nasa memorin. Mai kayan da ya ƙi haɗuwa, ko ya ce wani na jira da yamma, ka bar masa kayansa.

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda, mun kuma rubuta wa bankin yaron da shaidar tiransifa, da fayil ɗinmu da na Funtua, da hoton farko da muka ɗauka ranar da kyamarar ta iso. Asusun da aka tura kuɗin ma uku ne, sunaye daban. Kyamarar tana aiki a yanzu, yaron ya yi Sallah da ita, amma ban bari ya je biki ba tare da tawa ta biyu a jaka ba, don shota ba ta sallama ranar da za ta tsaya.

Duk wanda aka turo wa hoton farar kujerar roba a jikin bango, ko ya saya ko bai saya ba, don Allah kada ya goge, kada ya buɗe shi a manhajar gyara, kada ya tura shi a matsayin hoto. Ya kashe saƙo mai ɓacewa a hirar, ya kwafe fayil ɗin yadda yake, ya yi mani magana ta akwatin saƙo mu haɗa da namu.