Sleep ko Hibernate, wanne ya fi wa laftof mai sumewa?

Laftof ɗina in na rufe murfinta ta yi barci, wato Sleep, buɗewa ke da wuya sai baƙin allo, fanka na ta kuka, wataran shuɗin allo ma, dole in danne madannin kunnawa, aikin da ban yi sebin ba ya tafi. Abin ya dame ni wallahi.

Hanya biyu na duba. Ta farko a bar Sleep ɗin a gyara direba, wato manhajar da ke sarrafa wani sashe na na'urar, don yawanci direban allo ne ko na wayifai ke kasa farkawa, ka shiga Device Manager na Windows ka sabunta shi. Maganin na asali kenan, sai dai yana cin data, mu kuma nan ƙauyenmu gefen Ringim netwok sai ka fita bakin titi.

Ta biyu ka koma Hibernate. Sleep a RAM, ma'ajiyar wucin gadi, yake riƙe aikinka yana tsotsar batir kaɗan kaɗan, Hibernate kuwa zubawa yake a hard disk, ma'ajiyar dindindin, ya kashe na'urar ɗungurungum, ko batir ya mutu aikinka na nan. Tashinsa ya ɗan fi jinkiri, shi kenan.

Ni da nake kai caji shagon sola, Hibernate na zaɓa a Power Options, inda ake saita rufe murfi. Direban sai ranar da na shiga Dutse.