Manyan lasifiku ko ƙanana da akwatin bes: wanne za ka saya?

Duk risibar sautin falo (na'urar da ke karɓar sauti ta rarraba wa lasifiku) da za ka saya, ko Denon ce, ko Yamaha, ko Marantz, ko Pioneer, tambaya guda ce ke jiran ka a shafin saiti: lasifikunka Large ne ko Small? Yawancin mutane sai su dubi akwatin da ido, in ya kai musu ƙugu su ce babba ne. Ni ma haka na yi, na kuma shekara a kan wannan kuskure. Dogayen lasifiku biyu gare ni a gaba, na ga ai rainin wayo ne in kira su ƙanana. Duk lokacin da aka yi wata fashewa a fim sai muryar mai magana ta dusashe, in na ɗora hannu a saman risibar kuma in ji ta ɗau zafi sosai, akwatin bes ɗin da na kashe wa kuɗi yana gefe shiru kamar ba a kunna shi ba.

Tambayar ba ta girman akwati ba ce. Abin da risibar ke son sani shi ne wa zai ɗauki nauyin bes, wato sautin ƙasa mai kauri. Amsar kuma ita ce ya kamata ta ja ragamar sayayyarka tun kafin ka biya kuɗi.

Kunnen mutum yana jin sauti daga wajen Hz 20 zuwa Hz 20,000 (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya; ƙaramar lamba, sauti mai kauri). Idan ka ce lasifika Large ce, risiba za ta tura mata duka wannan zangon, har can ƙasan da ba ta iya kaiwa. Idan ka ce Small, sai ta yanke sautin a wata mararraba da ka zaɓa, abin da ke sama ya tafi lasifikar, abin da ke ƙasa ya tafi akwatin bes, wato sabufa. Ban da wannan akwai wata hanya ta musamman da masu haɗa sautin fim ke ware wa rugugi da girgiza. Ita ce LFE, ita ce ɗigo ɗayan nan da kake gani a 5.1 ko 7.1, lambobin da ke nuna yawan hanyoyin sauti. Ba ta wuce Hz 120, ana kuma buga ta da ƙarin desibel 10 (dB, ma'aunin ƙarfin sauti) a kan sauran hanyoyin. Abin da ya same ni ke nan: na ba dogayen lasifikuna dukan bes ɗin kiɗa da na magana, sabufa ba ta samun komai sai LFE, wanda ba kowane minti yake zuwa ba.

Me ya sa bes ke da nauyi haka? Domin iska ake turawa. Duk lokacin da sauti ya sauka da rabi, a ce daga Hz 80 zuwa Hz 40, faifan lasifika sai ya yi tafiya gaba da baya har ninki huɗu kafin ya ba da ƙarfi iri ɗaya. Faifai mai inci shida da rabi da ke wannan kai-komo shi ne kuma ake so ya fitar da muryar mutum tsaf a lokaci guda. Ba zai yiwu ba. Ka sauke masa kayan, sai muryar ta washe, amfilifayar risibar ma ta huta, tunda sabufa da tata amfilifayar take zuwa a ciki.

To, ga zaɓin da ke gaban mai saye.

Na farko, dogayen lasifiku biyu ba tare da sabufa ba. Ga mai sauraron kiɗa zalla wannan tsari ne mai kyau, ba na raina shi. Tsirkiyar ƙasa ta gitar bes mai tsirkiya huɗu tana wajen Hz 41, dogayen lasifiku masu kyau kuma yawanci suna kaiwa tsakanin 35 da 45, saboda haka mafi yawan kiɗa zai fito cikakke. Fim ne ke tona musu asiri. Da zarar ka gaya wa risiba ba ka da sabufa, za ta mayar da na gaban Large dole, ta juye musu bes ɗin duk sauran lasifikun. Matsala ta biyu ta wuri ce. Inda ya dace lasifikun gaba su tsaya, dama da hagun talabijin, ba lallai ne ya zama inda bes ke fita da kyau a ɗakin ba, kai kuwa ba ka da ikon raba su.

Na biyu, matsakaitan lasifiku irin waɗanda ake ɗorawa a kan kanta ko ƙafa, tare da sabufa mai kyau guda ɗaya. Wannan nake ba kowa shawara in fim ne gaba a wurinsa, kuma ba na ɓoye cewa shi na fi so. Irin waɗannan lasifiku masu faifai inci biyar zuwa shida da rabi yawanci suna sauka zuwa Hz 50 ko 60, sun wuce mararrabar 80 da rata mai daɗi. Lambar 80 ɗin nan ba da ka aka zaɓe ta ba. Ita ce ma'aunin da kamfanin THX ya tsayar, dalili kuwa shi ne ƙasa da nan kunne yana shan wahalar gane daga wane ɓangare sauti ke fitowa. Saboda haka kana iya ajiye sabufa a gefe ko a bayan kujera, ka ji gangar kamar daga gaba take. Kuɗin da za ka zuba a dogon katako, ka zuba shi a sabufa da lasifikar tsakiya, wadda ita ke ɗauke da kusan duk maganar fim.

Na uku, 'yan mitsi-mitsin lasifikun nan da ake sayarwa jere a kwali ɗaya. Suna da kyau a ido, ba sa cin wuri, amma ka san abin da za ka sadaukar. Ba sa iya sauka ƙasa da Hz 100 zuwa 150, dole mararraba ta hau can. Ƙasan muryar namiji kuwa yana farawa ne daga wajen Hz 85, ke nan wani ɓangare na magana zai riƙa fitowa daga sabufa. In har su za ka saya, sabufar ta zauna a gaba kusa da talabijin.

Mai halin haɗa dogayen lasifiku da sabufa ya haɗa, amma ya sa su a Small duk da haka, mararraba a 60 ko 80. Ba asara ba ce. Manyan faifansu za su yi aiki cikin natsuwa a zangon da suka fi iyawa.

Takardar bayanin lasifika tana da wata dabara da ya kamata ka kula da ita. In ka ga an rubuta tana kaiwa Hz 45, duba ko an biyo da ±3 dB, wato ƙarfin sautin bai hau ko ya faɗi da fiye da desibel 3 ba. In babu wannan, lambar ba ta gaya maka komai ba, don lasifika na iya yin ɗan motsi a 45 ɗin alhali sautin ya riga ya faɗi warwas. Ni nakan ɗauki lambar gaskiyar in ƙara mata 10 zuwa 20, nan ne mafi ƙarancin inda zan sa mararraba.

Ita kanta sabufa iri biyu ce a kasuwa. Akwai rufaffiya, akwai mai ƙofar iska. Rufaffiya ƙarama ce, sautinta yana raguwa a hankali yayin da yake sauka, ta dace da ƙaramin ɗaki. Mai ƙofa ta fi girma, ta fi ƙarfi a kusa da inda aka daidaita ƙofar, sai dai ƙasa da nan tana faɗuwa da sauri. Falo babba, ko wanda ke buɗe zuwa wani ɗaki, mai ƙofa ta fi cika shi. Maganar da ake yi cewa rufaffiya ta kiɗa ce, mai ƙofa ta fim, ban cika yarda da ita ba. Ingancin ƙira da inda ka ajiye ta sun fi wannan tasiri nesa ba kusa ba.

Zancen wuri kuwa, a nan mutane da yawa ke zargin kayansu a banza. Tsawon igiyar sauti ta Hz 40 ya haura mita takwas da rabi. Tana dukan bango ta dawo ta haɗu da kanta, a wani wurin ta ninku, a wani wurin ta kashe kanta. Shi ya sa za ka ji bes kamar zai fasa ƙirji a kusurwa, ka koma kujerarka ka ji wayam. Ga abin da na yi, kuma ya yi mini aiki: na ɗora sabufar a kan kujerar da nake zama, na kunna waƙa mai bes a jere, na bi gindin bango da rarrafe ina saurare. Inda na ji kowane bugu ya fito daidai da ɗan'uwansa, can na mayar da ita. Sabufa biyu matsakaita a wurare daban-daban sun fi ƙatuwa guda ɗaya daidaita sauti ga mutane da yawa a falo.

Wajen zaɓen risiba, kada yawan wat ɗin da ke jikin kwali ya ɗauke maka hankali. Tambayi ko tana barin ka sa wa kowane rukunin lasifika mararrabarsa, don wasu lamba ɗaya suke ba kowa, wanda ke nufin ƙaramar lasifikar baya ce za ta yanke wa na gaba hukunci. In tana da mafitar sabufa biyu, bincika ko kowacce ana saita ta daban ko waya ɗaya ce aka raba. Sannan tsarin auna ɗaki da makirufo: Denon da Marantz suna da Audyssey, Yamaha na da YPAO, Pioneer na da MCACC, wasu kuma suna zuwa da Dirac Live. Duk suna da amfani, amma ka bi bayansu. Sau da yawa risiba takan gama awo ta sa lasifika a Large don bango ya ƙara mata bes. Mayar da ita Small. Kana iya ɗaga mararrabar da ta zaɓa, amma kada ka sauke ta ƙasa da abin da ta auna. In ka ga ta rubuta nisan sabufa ya fi na zahiri, bar shi, jinkirin da ke cikin na'urar sabufar take ramawa.

Akwai wani maɓalli mai jan hankali da Denon ke kira LFE+Main, Onkyo ke kira Double Bass, Yamaha ke kira Extra Bass. Yana tura bes iri ɗaya ga manyan lasifiku da sabufa a tare. Minti biyar na farko za ka ji daɗi, daga baya ka lura wasu bugun sun kumbura, wasu sun ɓace. Na kashe nawa ban sake waiwayarsa ba.

A bayan sabufar, sa wayar a ramin da aka rubuta LFE. In babu shi, murɗa maɓallin mararrabarta har ƙarshe don kada a yanke sautin sau biyu. Maɓallin ƙara ya tsaya wajen rabi kafin awo, iyakar LFE a risiba kuma ta zauna a 120. Bayan ka gama, kunna waƙar da ka haddace bugunta, ka saurara a 80, ka matsa zuwa 60 da 100, kana zaune a kujerar da ka saba kallo.