Hattara da mai sayar da kayan Tiger na "ainihin tarihi"

Salamu alaikum 'yan'uwa masu haɗa ƙananan tankokin yaƙi. Wani ɗan damfara ya yi mini sakiyar da ba ruwa, kuma ga alama har yanzu yana farautar wasu.

Yana tallarsa ne a Facebook da Instagram. Ƙarin kaya na rezin (wani irin roba mai tauri) yake sayarwa na Tiger I, tankar Jamus ta yaƙin duniya na biyu, ma'aunin 1/35: tayoyi, murfin ƙofar kwamanda, lambobin mannawa, da 'yan kwalaben fenti. Ya ce duk an auna su ne daga tsoffin hotunan yaƙi, wai in ka haɗa za ka samu Tiger ta yaƙin Kursk sak. Bakinsa zuma. Ni kuwa na daɗe ina neman irin kayan, sai zumuɗi ya rufe mini ido.

Da na tsaya na kalli hoton tallar da kyau, da ban tura ko sisi ba. Jikin tankar shafe yake da Zimmerit, yaɓen nan mai layi-layi da Jamusawa suka riƙa yi don kada nakiya mai maganaɗisu ta manne. An yi yaƙin Kursk a Rasha a Yulin 1943, kuma ba a fara shafa wa Tiger wannan yaɓe a masana'anta ba sai bayan nan, aka kuma daina a Satumban 1944 saboda tsoron yana kama wuta. Tayoyin da ya sa ma masu bakin ƙarfe ne, alhali Tiger ta lokacin Kursk masu bakin roba take da su, na ƙarfen sai a farkon 1944 suka shigo. Ga ƙofar kwamanda gajera irin ta baya, maimakon doguwar nan mai kama da ganga. Wato ya ɗebo kayan zamani biyu ya cakuɗa, ya liƙa musu sunan Kursk don ya san shi ne mai kasuwa.

Sai batun fenti, wanda ya fi ba ni haushi. Cewa ya yi an daidaita launin da ɓawon fentin da aka kankaro daga jikin Tiger 131. Wannan tanka sojojin Ingila suka kama a Tunisiya a Afrilun 1943, tana gidan tarihin tankoki na Bovington, kuma ita kaɗai ce Tiger I da ke tashi ta yi tafiya a yau. To wa zai bar shi ya je da wuƙa ya kankare ta? Kuma ko da ya samu, fentin Arewacin Afirka ne a jikinta, ina ruwansa da filin Rasha?

Bayan sati bakwai kunshi ya iso. Ina buɗewa wani wari ya buge ni, rezin ɗin na da maiƙo a hannu. Tayoyin cike da 'yan ramukan kumfa kamar fanke. Murfin ƙofar na ɗora shi a kan tankar kamfanin Tamiya da nake da ita, ya zurma ciki, ya yi kaɗan. Wannan ita ce alamar kayan kwafi: a samo na kamfani, a yi masa mazubi, a sake zubawa, ko wane zubi yana ƙara tsukewa, zanen yana dusashewa. A bayan wata taya har ana ganin inuwar tambarin masu kayan na asali, an goge bai gogu ba. Fentin kuwa ruwa-ruwa, babu lambar RAL, wato lambar tantance launi, ko ɗaya a kwalbar.

Na yi masa magana, ya ce laifin zafin hanya ne. Kwana biyu ya toshe ni. Kuɗina ba su dawo ba, don ya lallaɓa ni na biya ta sashen 'yan'uwa da abokai na PayPal, wai don mu guje wa caji, kuma wannan sashe ba shi da kariyar mai saye.

Shekaranjiya wani abokina ya turo mini wani sabon shafi. Suna daban, amma teburin katakon da ke hoton tallarsa ta farko ne, da tabon kofi a gefen hagu. Yanzu kayan Panther, wata tankar Jamus, yake talla, har da ragi ga wanda ya biya kafin Juma'a.